Akwatin Feshi na Yaya Issaka

Ranar sunan ɗan Salamatu ina kishingiɗe a baranda, kuna tsakar gida kuna wanke kwanuka, kun ɗauka barci nake. Sai na ji ɗayanku, ba zan faɗi ko wane ne ba, yana cewa ai tun kuna yara Baba ya kori Mma daga madafinta don ya sami wurin ajiye inji. Kuka yi dariya, ita ma ta yi, don uwarku ba ta gyara zance idan gyaran zai zama yabonta. Ni ban yi dariya ba. Na daɗe da sanin haka kuka ɗauki abin, kuma ban ga laifinku ba. Kuna ƙanana, abin da kuka gani shi ne wata safiya an kwashe tukwane, an shigo da ƙarafa. To yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da ni, ina da lokaci, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Dole in fara da Yaya Issaka, yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Manyanku sun san shi yana tari, ƙananan kuwa hotonsa kawai suka sani. Ni na san shi lokacin da yake mirgina tayar tirela da hannu ɗaya. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ne ya riƙe ni a wannan gida namu na Moshi Zango a Kumasi, shi ya kama hannuna ya kai ni Magazin, unguwar makanikai, ya damƙa ni ga mai walda. Shi kuwa aikinsa feshin yashi ne. Wato a busar da yashin rafi, a zuba a wani tulun ƙarfe, iska mai ƙarfi ta tunkuɗo shi ta cikin tiyo, a harba a jikin tsohuwar mota, ya cinye tsatsa da tsohon fenti har ƙarfe ya fito fari. A fili ake yi. Kariyarsa tsumma ne da yake ɗaurewa a hanci. Da yamma yana dawowa fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa, gashin ido ma fari, mu yi ta yi masa dariya, shi ma yana yi. Babu wanda ya san abin da yashin nan yake yi a ciki. Matarsa ta rasu ba su sami haihuwa ba, bai sake aure ba, ya ce 'ya'yana sun ishe shi.

Tarin ya fara a hankali. An ce tarin fuka ne, ya sha magani wata da watanni, bai saki ba. Daga baya aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ɗaga hoton a hasken taga ta tambaye shi aikinsa. Da ya faɗa sai ta sauke hoton. Ta ce ƙurar yashi ce ta taru a huhunsa ta ƙandarar da shi, ba ta fita, kuma babu maganin da zai mayar da huhun yadda yake. Abin da za a iya shi ne kada a ƙara masa wata ƙurar.

Daga ranar Yaya ya shiga ɗakinsa. Mutumin da asuba ba ta taɓa samunsa a shimfiɗa ba, sai ga shi hantsi yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Masallaci na nan kusa, amma sai ya tsaya ya huta a hanya kafin ya kai, daga baya ya daina zuwa don kunyar mutane suna ce masa sannu. Masu tsofaffin ƙarafa ba su daina nemansa ba. Wani ya zo da ƙafar keken ɗinki, wani da gangar babur, su tsaya a ƙofar gida suna sallama da Masta Issaka, yana ji, ya ce a ce ba ya nan. Abinci kuwa yadda aka kai haka ake ɗaukowa.

A lokacin uwarku tana sayar da wake da shinkafa a nan gida, wanda mutanen garin nan suke ce wa wakye. Rumfarta tana bayan gida, jikin katanga, inda akwatin feshi yake yanzu. Tun tana amarya take girki a wurin. Ita ta sa aka yi mata murhun ƙasa daidai tsawonta, ta san kusurwar da iska ke shigowa, kuma masu saye tun daga bakin titi suke bin ƙamshi har ƙofarmu. Tana juya tukunya tana hangen ku kuna shirin makaranta, ta ƙwala wa wannan kira ya sa takalmi, ta jawo waccan ta gyara mata kitso. Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar wani abu, na same ta tsaye da kwanon Yaya a hannu, ba a taɓa ba.

"Baban Salamatu," ta ce, "ba tarin nan ne zai kashe Yaya ba. Zaman nan ne."

Na ce to ya za mu yi, likita ta hana.

"Ƙura ta hana, ba aiki ba. Ba ka taɓa ba ni labarin wani akwati da ka gani a shagon Wofa Kwabena ba, wanda ake feshi a cikinsa a rufe, mutum yana kallo ta gilashi?"

Na manta ma na taɓa gaya mata. Wofa Kwabena wani dattijon Asante ne mai sayar da tsofaffin injuna a Magazin, abokin Yaya tun suna samari. Na ce akwai, amma a ina za mu sa? Yaya ba zai iya zuwa shagona kullum ba, hawan tsani ma gagararsa yake, balle turereniyar shiga tirotiro, motar haya. Dole a gida. A gida kuwa babu fili sai nan. Na faɗi haka ina kallon rumfarta, sai na ji kunya na kau da kai. Na ce a bar maganar, abinci da aikin ƙarfe ba sa zama wuri ɗaya, ko da akwatin a rufe yake ba zan yarda a dafa abin da mutane za su ci kusa da shi ba.

"Ni ma ba zan yarda ba," ta ce. "Na riga na yi magana da Hawa. Akwai wuri a gaban gidansu."

Hawa yayarta ce, Antinku ta Dichemso. Ashe uwarku ta gama shawararta kafin ta buɗe mini baki. Na yi ta ja da ita kwana da kwanaki. Na ce masu sayenta za su watse, na ce yaran fa, na ce nisan fa. Ta ce masu saye hanci gare su, za su nemo ta, yara kuma Salamatu ta girma. Da na matsa sai ta ce:

"Ranar da aka kawo ni gidan nan ina kuka, Yaya ne ya tsaya a ƙofa ya ce da ni, ki daina kuka, kin zo gidan yayanki. Ban manta ba."

Daga nan na yarda. Na koma wurin likitar na bayyana mata yadda akwatin yake. Ta saurare ni da kyau. Ta ce kada yashi ya shiga ciki ko ƙwaya ɗaya, kada ƙura ta fito inda yake zaune, ya sa takunkumi na gaske mai matata, ba tsumma ba, kuma kaɗan-kaɗan zai yi. Ta ce ba ta ce babu haɗari ba, amma ta ga abin da zaman ɗaki yake yi wa irinsu.

Gaya wa Yaya ya fi komai wuya. Ya ce ba ya so, kada a tayar da mace daga wurinta saboda gawa. Uwarku tana bakin ƙofa ta ce ita dai ta riga ta gaya wa Hawa, ko ya yi aikin ko bai yi ba tafiya za ta yi, sai ya zaɓa ko rumfar ta zauna banza. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Can ya ce:

"Awudu, kai ba ka san kwampresa ba. Idan na bar ka kai kaɗai, injin hura taya za ka kwaso mana."

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a, muka ɗauki tasi zuwa Magazin.

Wofa Kwabena da ya gan shi ya fito da gudu yana ta kiran sunansa, ya rungume shi, sai ya ji ƙasusuwa ya sassauta hannu. Ya sa aka kawo kujera. Aka fara kunna mana kwampresa, injin da ke tara iska a tanki. Yaya ba ya ko kallonsu, kunne yake sawa. Na farko ya ce ƙarami ne, feshi iska yake sha ba tsayawa, wannan zai yi ta haki yana bin bindigar feshi har ya ƙone. Na biyu ya ce akwai abin da ke kaɗawa a cikinsa. Na uku wani tsoho ne mai babban tanki da bel a gefe, fentinsa duk ya kwaɓe, yana juyawa a hankali, dum, dum, dum. Yaya ya sa aka buɗe masa iska, ya ga allurar ma'aunin iska ba ta faɗi da sauri ba, ya ɗora tafin hannu a kan injin ya ji zafinsa.

"Wannan," ya ce. "Ba ya gaggawa."

Rigima ta tashi ne a kan sauran. A kusurwar shagon akwai tulun feshi irin wanda ya saba da shi, idonsa ya sauka a kai. Ya ce wannan shi ne aiki, abin da akwati zai yi a yini shi zai gama kafin shayi ya huce, kuma da shi ana iya yin ƙofar gida sukutum. Gaskiya ya faɗa. Bindigar akwati tsotso take yi daga ƙasa, ba ta da ƙarfin tulu, kuma abin da bai shiga akwati ba ba naka ba ne. Na ce a'a. Ya ce to ko akwatin ne, yashi za a zuba, ga shi nan a rafi, wa zai sayi garin gilashi da tsakin ƙarfe alhali Allah ya shimfiɗa yashi a ƙasa? Tun da nake ban taɓa musa wa Yaya magana a gaban mutane ba. Ran nan na ce:

"Yaya, gidan naka ne, ni ma naka ne. Amma yashi ba zai shiga gidan nan ba."

Ya kalle ni, numfashinsa yana fita da ƙara. Na sunkuyar da kai amma ban janye ba. Wofa Kwabena ne ya raba mu, da irin Hausarsa ta Magazin.

"Masta Issaka, ƙaninka yana da gaskiya. Yashi ya ci ka, ya isa. Matarsa ma ya bar kicin domin ka. Kai ka bar yashi domin su."

Yaya ya juya kai yana kallon titi. Da ya juyo sai ya ce a kawo garin gilashin ya gani. Ya murza shi a yatsu, ya ce na ƙarfe mai kauri tsakin ƙarfe za a sa, na abu mai laushi kamar alminiyam wannan. Ya zaɓi bakin bindiga na tangaran, ya ce a ƙaro wasu don suna cinyewa. A hanyar dawowa bai yi mini magana ba, sai da muka kusa Manhyia ya dafa gwiwata, ya bar hannun a wurin har gida.

Akwatin da ke shagon na tsaye ne, an yi shi don mai ƙafafu. Saboda haka bindiga da safar hannu da gilashi kawai muka saya, akwatin ni na ƙera. Wannan ne ya sa yake gajere, kuke ta ƙorafin ciwon baya. Na zaunar da Yaya a kujerarsa, na ce ya miƙa hannu yadda ba zai gaji ba, na auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunsa, nan na huda kafofin safar. Na auna inda idonsa yake sauka in ya jingina, nan na sa gilashin. Ƙasan na yi shi kamar mazurari don garin ya riƙa gangarowa wuri ɗaya, na sa fitila a ciki, na bi bakin ƙofar da robar tayar mota. A baya na haɗa injin zuƙar ƙura, bututunsa ya ratsa ta durom mai ruwa kafin ya fita bayan katanga. Kwampresa kuwa ɗaki na yi masa a waje, na ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi, na lulluɓe bangon da katifar soso saboda maƙwabta, na kuma yi wa liman alkawarin da an kira salla za a kashe.

Safiyar da aka kwashe tukwane kuna tsaye da kayan makaranta. Uwarku da kanta ta fasa murhun da taɓarya, ba ta bari na taɓa ba. Da ta gama ta tsaya tana kallon baƙin da hayaƙin shekaru ya yi a katanga, ta shafa shi da hannu, ta goge a zani, ta ce wa mai kura ya ja su tafi.

Gwajin farko abin dariya ne. Damina ce, iskar Kumasi kuwa rabinta ruwa. Na danna, bindiga ta yi tari, ta tofo wani curi kamar kunu, ta toshe. Na kwance, na share, ta sake toshewa. Ina ta gumi ina zargin Wofa, sai na ji wani sauti a bayana. Yaya ne yake dariya, dariyar da ta koma tari, tarin ya lafa ya ci gaba da dariyar.

"Ruwa ne, mai walda. Iska in ta fito da zafi ta huce a tiyo, gumi take yi."

Shi ya sa na ja dogon bututun ƙarfe a jikin katanga don iskar ta huce a hanya, na sa matatar ruwa a ƙarshensa, ya kuma kafa mini doka cewa kowace yamma a buɗe ƙasan tanki a zubar da abin da ya taru. Garin ma muka riƙa ajiye shi a bokiti mai murfi. Saura gwajin ƙura, wannan kuwa uwarku ta ce nata ne. Ta ajiye baƙin farantinta a kan kujerar Yaya, ta ce in yi aiki ba tare da shi ba. Da ta dawo ta shafa yatsa, ta nuna mini fari. Na sake bin kusurwoyi da roba da gam. Sai ranar da yatsanta ya fito tas ta je ta ce, "Yaya, bismilla."

Ya sa takunkumi, ya zauna, ya zura hannuwansa cikin safar. Ƙafar keken ɗinki ce a ciki, ta wata tsohuwa da ta daɗe tana jiransa. Ina tsaye a bayansa ina kallon kafaɗunsa, yadda suka miƙe. Da ya fito da ita, furannin da aka zana a jikin ƙarfen, waɗanda tsatsa ta binne, duk sun bayyana. Ya juya ta a hannu, ya ce akwati ba laifi. Ran nan ya cinye abincinsa ya ce a ƙara.

Ku kuma abin da kuka biya na sani. Da an idar da asuba uwarku ta fita, ba ta dawowa sai azahar ta wuce. Kun sha koko da ya huce, Salamatu ta koyi kitso a kan ƙannenta suna kuka, an je makaranta da riga a birkice. Watannin farko a Dichemso abincin yakan yi kwantai, ta dawo da shi mu ci da dare. Ruwa ya sha dukanta a hanya, ƙafafunta suka fara kumburi tun lokacin. Ban taɓa jin ta ce kash ba a inda Yaya zai ji. Shi kuma bai taɓa ce mata na gode ba, ba ya cikin masu iya faɗar haka. Abin da yake yi, in lokacin dawowarta ya yi, sai ya kashe inji ya ja kujerarsa bakin ƙofa. Ta shigo ta ce, "Yaya, ya aiki?" ya ce, "Memunatu, ya kasuwa?" ta miƙa masa ƙunshin wakye a ganye da ta ware masa da ƙwai a kai. Kullum haka.

Ya ga ƙarshen wannan damina, ya ga watan azumi tare da mu ko da yake bai iya ɗauka ba, ya ga wata daminar ta kama. Ya koma zuwa masallaci, yana hutawa a hanya ba kunya, mutane suna tare shi da zancen ƙarafansu maimakon sannu. Na sha tambayar kaina ko aikin ya rage masa kwana. Na tambayi likitar ma, ta ce ba ta sani ba, Allah ne ya sani. Abin da na sani, wata Laraba ya yi aikin safe, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi zai ɗan kwanta, muka kai shi asibiti, bayan la'asar ya cika, kansa a kan hannuna.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, wani mai babur ya zo ya yi gaisuwa, cikin jin nauyi ya ce akwai gangar babur ɗinsa a wurin Masta. Na buɗe akwatin na same ta a ciki, rabi fari, rabi tsatsa, daidai inda ya tsaya. Na ce ya dawo gobe. Na kunna kwampresa, na zo gaban kujerar, na kasa zama. Safar hannun suna rataye a ciki, yatsunsu a lanƙwashe yadda ya bar su. Ina nan tsaye, inji yana ta bugawa, sai na ji uwarku a gefena.

"Matsa," ta ce. "Na bar murhuna saboda abin nan, ban taɓa ganin cikinsa ba."

Ta gyara mayafi, ta ɗaura takunkumin, ta zauna. Ta zura hannu a hankali, ta ɗan tsaya, sannan ta kama bindigar. Na kunna mata fitila, na sunkuya na ce ta karkata bakin kaɗan, kada ta tsaya wuri ɗaya. Ta danna. Tsatsar ta fara tashi, farin ƙarfe yana bin hannunta. Na ji ta yi wata 'yar ƙara a cikin takunkumin, na kasa gane dariya ce ko kuka.

"Ashe haka yake gani," ta ce.

Ba ta tashi ba sai da ta gama gangar.